KUƊIN NEMAN ZAƁE BASHI NE, A RUBUTA SHI

 

Wani bawan Allah, falken hatsi daga ƙasar Faskari, mai cin kasuwannin Sheme da Dandume, ya tsai da mu bayan an tashi daga karatu, ya yi mana wata tambaya wadda muka ga ya dace mu kawo ta wannan fili, domin ba shi kaɗai ta shafa ba. Ya ce wani mai neman kujera ya aiko masa a asirce yana son ya taimaka masa da Naira miliyan 2, bisa alkawarin cewa in Allah Ya ba shi nasara za a sa sunansa cikin masu kwangilar kawo takin zamani. Babu takarda, babu mai shaida, daga su biyu sai ɗan aike. Shi ne yake son ya sani, shin wannan gudummawa ce, ko rance ne, ko kuwa wani abu ne wanda ba a son a kira shi da sunansa?

Kafin mu faɗi abin da muka gaya masa, ya kamata mai karatu ya san irin kujerar da ake magana a kanta, da abin da take ci.

Ƙananan hukumomin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa wakili ɗaya suka haɗa a Majalisar Wakilai ta Tarayya da ke Abuja. Ƙasa ce ta noma, ta masara da dawa da auduga, wadda ta yi iyaka da dazuzzukan Zamfara da na Birnin Gwari, kuma kowa ya san abin da wannan maƙwabtaka ta jawo mata. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai cikin daji, sai bayan kwana shida aka sako yara 344. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, waɗannan uku suna ciki, aka kuma rufe kasuwannin dabbobi, fatake suka zauna wata da watanni ba saye ba sayarwa. To, mutanen da ke cikin irin wannan hali, wakilci a wurinsu ba ado ba ne. Shi ne bakin da zai faɗi a gaban hukuma cewa ga garin da aka tasa, ga hanyar da ba ta biyuwa bayan la'asar, ga gonakin da aka bari suka koma daji. Idan wannan baki ya zama na wani ne, sun rasa abin da ba su da madadinsa.

Yanzu sai mu dubi kuɗi. Dokar zaɓe ta 2006 ta ƙayyade cewa mai neman kujerar Majalisar Wakilai kada ya kashe fiye da Naira miliyan 10. Dokar 2010 ta mai da shi miliyan 20. Dokar 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta kai shi miliyan 70, na sanata miliyan 100, na gwamna biliyan 1, na shugaban ƙasa biliyan 5. Gudummawar da mutum guda zai iya ba ɗan takara kuwa, wadda take miliyan 1 a dokar 2010, sai aka ɗaga ta zuwa miliyan 50. Watau duk lokacin da aka zauna gyaran doka, rufin ne ake ƙara wa tsawo, kuma masu ɗaga rufin su ne waɗanda za su shiga ɗakin. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne hukuncin wanda ya ƙetare iyaka a dokar 2022: tarar kashi 1 cikin 100 na abin da aka ƙayyade, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko a haɗa masa duka biyu. Ga ɗan takarar Majalisar Wakilai tarar ta kama Naira 700,000 ke nan. Wanda ya iya zubar da miliyan 200, yaya wannan za ta hana shi barci?

Tun kafin a kai ga jama'a ma akwai ƙofar jam'iyya. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da takardun neman tsayawa takarar Majalisar Wakilai a kan Naira miliyan 10, PDP kuma a kan miliyan 2 da rabi. A wannan shekara mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 ne. Ƙaramin ma'aikaci, da zai tara albashinsa duka, bai ci ba bai sha ba, sai ya yi kusan shekara 28 kafin ya sayi takardar miliyan 10. Kuma Tsarin Mulki ya wajabta wa ma'aikacin gwamnati ya ajiye aikinsa akalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Ke nan malamin makaranta mai gaskiya a Sabuwa, ko malamin asibiti a Ƙanƙara wanda jama'a suka yarda da shi, ba shi da hanyar shiga sai ya sami mai ɗaukar nauyinsa. Bayan takarda ga wakilan zaɓen fid da gwani, waɗanda kowa ya san ba da fatar baki ake shawo kansu ba. Ga motoci, ga mai, ga maroƙa, ga wakilan akwati a kowace rumfa. In an gama kuma ga lauyoyi. Zaɓen wannan kujera na Fabrairun 2023 bai ƙare a rumfa ba, sai da ya je kotun sauraren ƙararrakin zaɓe, ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara, har aka sake kaɗa ƙuri'a a waɗansu rumfuna a Fabrairun 2024. Ba mu zargin kowa daga cikin waɗanda suka yi wannan shari'a da kome, neman hakki a kotu ba laifi ba ne. Abin da muke nunawa shi ne, shekara guda ta shari'a ita ma kuɗi ce, kuma wani ne ya biya.

To, wane ne wannan wani? A nan tambayar falkenmu ta shigo.

A fiƙihu akwai babin da ake kira wakala, watau mutum ya ɗora wani a kan wani al'amarinsa ya tsaya a madadinsa. Daga nan kalmar wakili ta zo mana. 'Yan kasuwa sun fi kowa sanin wannan babi, domin kullum suna aika yaransu Legas ko Dawanau da dukiya. Hukuncin wakili shi ne amintacce ne, yana aiki ne don maslahar wanda ya wakilta shi, ba ya sayar wa kansa abin da aka ba shi ya sayar, kuma in ya dawo sai ya zauna an yi lissafi. Yanzu a ce ka aiki yaronka ya sayar maka da buhu 100, ashe tun kafin ya tashi mai sayen ya biya masa kuɗin mota, ya ɗinka masa riga, ya biya masa bashin da ake bin sa. In sun zauna ciniki, wakilin wa ke nan? Ko da yaron mai tsoron Allah ne, kunya kaɗai ta isa ta karya farashin. Haka al'amarin ɗan majalisa yake. Wanda ya hau kujera da kuɗin mutum biyar, to, mutum biyar ɗin nan su ne iyayen gidansa na haƙiƙa, sauran dubban da suka yi layi cikin rana kuwa sunansu kawai aka ara.

Saboda haka muka gaya wa mai tambaya cewa abin da aka nema a wurinsa ba gudummawa ba ce, tun da an ɗaura mata sharaɗi. Ba kuma rance ne mai tsarki ba, domin rancen da ya jawo wa mai bayarwa wani amfani da aka sharɗanta, malamai sun sa shi cikin riba. Sa'an nan abin da za a biya shi da shi, watau kwangilar taki, ba dukiyar ɗan takarar ba ce, ta baitulmali ce, ta manoman da za a kawo wa takin. Ashe an sayar masa da abin da mai sayarwa bai mallaka ba, kuma farashin zai fito ne daga buhun da za a rage ko a gauraya da yashi. Sunan wannan abu rashawa, sai dai an biya ta tun kafin a hau mulki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai ba da ita da mai karɓarta, kuma aya ta 188 cikin Suratul Baƙara ta yi hani ga miƙa dukiya ga mahukunta don a ci wani yanki na dukiyar mutane da zalunci.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce taimakon ɗan takara da dukiya haramun ne ba. Neman zaɓe yana bukatar kuɗi kamar yadda kowace tafiya take bukatar guzuri, kuma in mutanen kirki suka riƙe hannunsu, fagen ya zama na ɓarayi da masu ɗaure musu gindi. Dattawanmu sun ga zamanin NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, da PRP ta Malam Aminu Kano a 1978, lokacin da tela da mahauci da ɗan koli suke sayen katin jam'iyya da kuɗin aljihunsu, su yi karo-karo su yi hayar mota zuwa taro. Wanda talakawa dubu suka haɗa masa sule-sule, bashin mutum dubu ne a kansa, kuma ba shi da yadda zai biya su sai da aikin da zai game su duka. Bambancin ke nan. Gwamnatin Janar Babangida ta gwada wata dabara a 1989, ta kafa jam'iyyu biyu da kanta, SDP da NRC, ta gina musu ofisoshi, ta ba su kuɗi, wai don a raba siyasa da masu jakar kuɗi. Ba a jima ba masu jakar suka saye jam'iyyun biyu duka. Wannan ya nuna cewa zuba kuɗin gwamnati kaɗai ba ya magani.

Maganin da muke gani yana cikin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, wadda ta yi umurni da rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, da kafa masa shaidu. Hikimar da ke ciki ita ce abin da aka rubuta aka shaida ba ya zama makamin zalunci a hannun ɗayan biyun. Idan an umurce mu da rubuta bashin da ke tsakanin mutum biyu, ina ga bashin da al'umma guda ce za ta biya? Dokar ƙasa ma ta san da haka. Sashe na 225 da na 226 na Tsarin Mulkin 1999 sun ɗora wa jam'iyyu bayyana wa Hukumar Zaɓe dukiyarsu da inda ta fito, sun kuma ɗora wa hukumar ta kai rahoto gaban Majalisar Tarayya kowace shekara. Dokar 2022 ta ba jam'iyyu wata uku bayan bayyana sakamako su kai bayanin gudummawar da suka karɓa, wata shida kuma su kai lissafin abin da suka kashe wanda akanta ya bincika, su buga shi a jaridu. A takarda babu laifi. Amma a tambayi duk wani mai ƙuri'a a Yankara ko Daudawa, ko ya taɓa ganin sunayen waɗanda suka ɗauki nauyin wani wakilinsa tun daga 1999? Lissafin yana tafiya Abuja ne, in ma ya tafi, da Turanci, da sunan jam'iyya gaba ɗaya. Gyaran da ya cancanci a kira shi gyara shi ne a wajabta wa kowane ɗan takara, shi da kansa, ya rubuta wanda ya ba shi da abin da ya ba shi, tun daga zaɓen fid da gwani, a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma da Hausa, da boko da ajami, a karanta a rediyo, kuma wanda aka kama ya ɓoye ya rasa kujerar, ba tarar da bai fi kuɗin man motarsa ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya kasance yana rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar da ya naɗa shi, in ya ga ƙari wanda ba a san asalinsa ba sai ya raba shi biyu ya mai da rabi baitulmali, kuma manyan sahabbai irin su Amru ɗan Asi gwamnan Masar ba su tsira daga wannan bincike ba. Kafin shi, Annabi ya aiki wani mutum, Ibnul Lutbiyya, karɓar zakka, da ya dawo sai ya ware wani kashi ya ce wannan kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi wa jama'a huɗuba a kai, yana nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ba wanda zai kawo masa kome, watau muƙamin aka yi wa kyautar ba shi ba. A ƙasarmu Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin miyagun al'adun da ya yi yaƙi da su. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa littafinsa Usulus Siyasa ya rubuta shi ne don amsa roƙon Malam Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina na farko bayan jihadi, kuma a ciki ya yi gargaɗi game da mai kwaɗayin mulki, ya ɗora wa shugaba kula da manoma da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi. Abin sha'awa, a zamanin nan ma wani Bakatsine ne, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya bayyana kadarorinsa a fili a 2007 alhali doka ba ta tilasta masa ya nuna wa jama'a ba, ya kuma kafa kwamitin Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda rahotonsa na 2008 ya ba da shawarar kafa hukuma ta musamman don hukunta masu laifin zaɓe. An yi zaɓuɓɓukan 2011 da 2015 da 2019 da 2023 ba a kafa ta ba.

Sai batun mai ƙuri'a, wanda shi ne ya fi yi mana nauyi a baki. Ƙuri'a shaida ce. Mai dangwala yatsa yana shaida ne cewa wannan ya fi cancanta a ba shi amana, kuma sayar da shaida kowa ya san matsayinsa. A zaɓen 2023, da canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, sai aka koma taliya da sabulu da turmin atamfa da tura kuɗi ta waya. Akwai wata magana da ta yaɗu, har daga bakin waɗansu masu wa'azi, wai a karɓa a ci tun da kuɗin jama'a ne aka sata, sa'an nan a zaɓi wanda ake so. Mu ba mu gamsu da ita ba. In kuɗin sata ne, ai ba na mai karɓa shi kaɗai ba ne, na marayan da ba su zo layin ba ne su ma. In kuma ya karɓa da alkawari ya saɓa, ya haɗa cin haram da yaudara. Ga shi kuma galibi har rantsuwa ake sa mutane, wani lokaci da Alƙur'ani a hannu, wa iyazu billahi. Amma fa dole mu yi adalci. Matar da aka kashe mijinta, aka kore ta daga ƙauyensu, tana zaune a kangon wani a Funtuwa da 'ya'ya shida, in ta miƙa hannu ta karɓi taliya, ba mu da ƙarfin halin da za mu haɗa ta a ma'auni ɗaya da wanda ya auna yunwarta ya yi mata farashi. Nauyin yana kan mai saye, sa'an nan yana kan masu wadata da ilimi waɗanda suke karɓar nasu kason a cikin ambulan, ba a layi ba.

Mu malamai muna cikin waɗannan. Mota da kujerar Makka da buhunan azumi da ake aiko mana gab da zaɓe, ba don an ga mun ƙara ilimi ba ne a wannan shekara. Mumbari ake saye. Wanda ya karɓa kuwa, ranar da za a faɗi gaskiya sai ya ji harshensa ya yi nauyi. Haka nan ma'aikacin da aka ba aikin tattara sakamako ko biyan kuɗin kwangila, sa hannunsa shaida ce. Tsarin Mulki ya hana ma'aikaci karɓar kyauta saboda aikinsa, ya bar masa ta dangi da abokai gwargwadon al'ada, kuma ta wannan 'yar ƙofa ta al'ada ce raƙuma suke shigewa.

Wakala tana da wani hukunci kuma, shi ne mai wakiltawa yana da ikon tuɓe wakilinsa. Sashe na 69 na Tsarin Mulki ya ba da wannan iko, shi ne ake kira kiranye, amma da sharaɗin fiye da rabin dukan masu rajista a mazaɓar su sa hannu, Hukumar Zaɓe ta tantance, sa'an nan a yi ƙuri'ar jin ra'ayi cikin kwana 90. An gwada a kan Sanata Dino Melaye a Jihar Kogi a 2018, waɗanda aka tantance ba su kai kashi 6 cikin 100 ba. An sake gwadawa a kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025, hukumar ta ce sa hannun bai kai rabi ba. A Ingila kashi 10 cikin 100 ake nema, bayan an sami ɗan majalisa da wani laifi da doka ta ambata. A mazaɓar da dubban masu rajista suka yi gudun hijira, neman rabi daidai yake da rufe ƙofa. Saboda haka abin da ya rage a hannun jama'a shi ne lissafi tun wakili yana kan kujera. Kasafin kuɗin Tarayya littafi ne buɗaɗɗe, ayyukan mazaɓu suna ciki da sunan gari da adadin kuɗi. Hukumar ICPC ta fara bin sawun irin waɗannan ayyuka a 2019, kuma tana karɓar ƙorafi. Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ma'aikatar Tarayya tambaya, a ba shi amsa cikin kwana 7. Ma'aikatanmu sun san yadda ake karanta waɗannan takardu, 'yan kasuwarmu sun san kuɗin buhun siminti da na haƙa rijiyar burtsatse. Da ƙungiyar 'yan kasuwa da ta malaman makaranta da limaman Juma'a na ƙananan hukumomin nan uku za su gayyaci wakilinsu, ko wane ne shi, ko daga wace jam'iyya, sau ɗaya a shekara, da takarda a hannu, su tambaye shi cikin ladabi abin da aka ware da abin da aka yi, da sau nawa ya tashi a zauren majalisa a kan tsaron yankin, da an ga canji. Sai dai wanda ya riga ya karɓi nasa ba zai iya zuwa wannan zama ba, domin za a tuna masa cewa an sallame shi.

Falkenmu ya ce to in ya ƙi bayarwa, wani zai bayar ya sami kwangilar. Muka ce haka ne, kuma ba mu yi masa alkawarin cewa ba zai yi hasarar wannan ciniki ba. Muka ce in ya yarda da mutumin har zuciyarsa, ya ba shi abin da zai iya yafewa, ba sharaɗi, a gaban shaidu biyu, a rubuta, kuma ya gaya masa a fili cewa ba ya son a sa sunansa a kowace kwangila ta wannan hanya. In ɗan takarar ya ƙi a rubuta, ya riƙe kuɗinsa. Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce ɗan aiken tun farko ya ja masa kunne cewa kada maganar ta wuce su uku.